Tsara Yawon Buɗe Ido Ba Tare da Ɗan Jagora Ba: Misali Daga Ƙasar Beljiyam

Gabatarwa

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, sai dai ba kowane matafiyi ne yake dawowa da ilimin ba. Akwai wanda zai je ya dawo da jaka cike da tsaraba da waya cike da hotuna, amma in aka tambaye shi abin da ya fahimta game da mutanen da ya sauka a ƙasarsu, sai ya shiga kame-kame. Wannan ya fi faruwa ga masu yawon buɗe ido a ƙananan ƙasashen Turai, domin kusancin biranensu yakan ruɗi baƙo har ya ɗauka zai iya gama ƙasa guda cikin kwana biyu ko uku. Wannan muƙala ta ɗauki ƙasar Beljiyam a matsayin misali domin ta kare ra'ayi guda. Ra'ayin kuwa shi ne, duk wanda ya zaɓi ya tsara wa kansa tafiya ba tare da kamfani ko ɗan jagora ba, wajibi ne ya fara da sanin abin da yake son fahimta, sannan ya taƙaita biranen da zai ziyarta, ya kuma ba kowane birni haƙƙinsa na lokaci. Maganar ta shafi ɗalibi mai koyon aikin malanta kai tsaye, domin tsara tafiya da tsara darasi Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Ƙanƙantar Ƙasa da Ruɗin da Take Haifarwa

Beljiyam tana yammacin Turai, tana iyaka da Faransa da Holan da Jamus da Lakzambak. Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 30,700 ba, wato ba ta kai girman Jihar Kaduna ba, amma mutanenta sun haura miliyan 11. Ta samu 'yancin kanta daga Holan a 1830, kuma bayan shekara biyar, a 1835, aka buɗe layin dogo tsakanin Burasel, babban birninta, da garin Mechelen. Daga wancan lokaci zuwa yau, layukan dogo sun ratsa ƙasar ta ko'ina kamar saƙar gizo. Daga Burasel zuwa Leuven tafiyar kusan minti 25 ce, zuwa Gent kusan rabin awa, zuwa Antwerpen ƙasa da awa guda, zuwa Brugge ko Liège kuwa kusan awa guda.

A nan ne ruɗin yake. Mai duba jadawalin jirage zai lissafa ya ga cewa zai iya karya kumallo a Burasel, ya ci abincin rana a Gent, ya yi la'asar a Brugge, ya koma masauki kafin isha. A takarda lissafin daidai yake. Abin da lissafin bai ƙunsa ba shi ne lokacin da ake ɓatarwa wajen tafiya daga tasha zuwa tsakiyar gari, da tsayuwa a layin shiga gidan tarihi, da neman hanya in an ɓace, da kuma gajiyar da ke hana ƙwaƙwalwa riƙe abin da ido ya gani. Bugu da ƙari, tsofaffin biranen arewacin ƙasar suna da kamanni da juna. Kowannensu yana da dandalin kasuwa, da doguwar hasumiya, da majami'a, da gidajen 'yan kasuwa na ƙarnonin baya. Wanda ya zaga uku a yini guda, kafin mako ya zagayo sun cakuɗe masa, ba zai iya bambance wannan da wancan ba. Da ma an ce sauri ya haifi nawa.

Manufa Kafin Taswira

Malamin da ya san aikinsa ba ya shiga aji sai ya rubuta manufar darasinsa, domin ita ce take nuna masa abin da zai ɗauka da abin da zai bari. Haka ya kamata matafiyi ya yi. Kafin ya buɗe taswira, ya tambayi kansa abin da yake son ya dawo da saninsa. Amsar wannan tambaya ce za ta zaɓar masa birane.

Alal misali, ga ɗalibin harshe babu abin da ya fi jan hankali a Beljiyam kamar yadda harsuna uku suke zaune a ƙasa guda. Kusan kashi 60 cikin ɗari na mutanen ƙasar Holanci suke yi, kuma suna arewa, a yankin Filanda. Kusan kashi 40 Faransanci suke yi, akasarinsu a kudu, a yankin Waloniya, da kuma Burasel. Akwai kuma 'yan tsiraru masu Jamusanci a gabas, waɗanda ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, cibiyarsu garin Eupen. A 1962 da 1963 aka kafa dokokin da suka shata iyakar harshe a cikin ƙasar, aka bar Burasel a matsayin birni mai harshe biyu. Wannan iyaka ba a takarda kawai ta tsaya ba. Akwai jirgin ƙasa da yake tashi daga Oostende a bakin teku, ya bi ta Brugge da Gent da Burasel da Leuven da Liège, ya ƙare a Eupen. Wanda ya zauna a cikinsa zai ji sanarwa da Holanci, in an shiga Burasel ta koma harshe biyu, a Leuven ta sake komawa Holanci, a Liège ta zama Faransanci, a ƙarshen tafiya kuma a ji Jamusanci. A 2024 har ƙara wani fasinja ya shigar a kan wani ma'aikacin jirgi, saboda ya haɗa da Faransanci wajen gaishe da fasinjoji alhali jirgin bai fita daga yankin Filanda ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin nauyin da batun harshe yake da shi a wurinsu.

Mai irin wannan manufa ba zai tsallake Leuven ba. An kafa jami'ar garin tun 1425, kuma ta daɗe tana koyarwa da Faransanci duk da cewa tana yankin masu Holanci. A 1968 rikici ya yi tsanani har aka yanke shawarar raba ta gida biyu. Sashen Faransanci ya ƙaura zuwa wani sabon gari da aka gina domin shi a ƙetaren iyakar harshe, aka sa masa suna Louvain-la-Neuve, wato Sabuwar Leuven. Hatta littattafan ɗakin karatu sai da aka raba, da yawansu bisa lambobinsu, masu cika gefe guda, masu mara gefe guda. Ɗalibin da ya taso a ƙasa mai ɗaruruwan harsuna, wanda kullum yake jin muhawara a kan harshen da ya dace a koyar da yara da shi, zai samu abin tunani a nan fiye da abin da hotuna ɗari za su ba shi.

Wani kuma manufarsa ta iya zama tarihin alaƙar Turai da Afirka. Shi wannan zai ware yini guda cur domin gidan tarihin Afirka da ke Tervuren, a gefen Burasel. Asalin wurin baje kolin da Sarki Leopold na Biyu ya shirya ne a 1897 domin tallata mulkinsa a Kongo, ƙasar da ya riƙe a matsayin mallakar kansa daga 1885 zuwa 1908. A wancan baje koli an kawo mutanen Kongo 267 aka ajiye su ana kallo, bakwai daga cikinsu suka rasu, kuma kaburburansu suna garin. An sake buɗe gidan a Disamba 2018 bayan gyara na shekaru, inda aka yi ƙoƙarin sauya yadda ake ba da labarin mulkin mallaka. Ko ƙoƙarin ya wadatar ko bai wadatar ba, hukunci ne da baƙo daga Afirka ya cancanci ya yanke da kansa, kuma ba a yanke irinsa cikin minti arba'in.

Masauki Ɗaya, Birni Ɗaya a Yini

Idan manufa ta fito fili, sai maganar masauki. A ƙasa mai faɗi dole matafiyi ya riƙa sauya wurin kwana. A Beljiyam kuwa babu wannan larura. Abin da ya fi dacewa shi ne a kama ɗaki guda a birnin da layukan dogo suka haɗu, kamar Burasel ko Gent, a riƙa fita da safe ana dawowa da yamma. Sauya masauki kullum yana cinye rabin yini, domin otal-otal sukan nemi baƙo ya bar ɗaki kafin tsakar rana, sabon wurin kuma ba ya ba da ɗaki sai bayan azahar. A tsakanin nan mutum yana jan akwati a kan titunan da aka shimfiɗa da duwatsu.

Ga misalin yadda za a iya raba mako guda. Ranar isowa a huta, da yamma a taka zuwa babban dandalin Burasel, wanda sojojin Faransa suka ragargaza da igwa a 1695, 'yan kasuwar birnin suka sake gina shi cikin 'yan shekaru. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1998. Rana ta biyu a ba Tervuren. Ta uku a ba Leuven. Ta huɗu a nufi Antwerpen, inda tashar jirgin ƙasa kanta, wadda aka buɗe a 1905, abin kallo ce. A wannan birni ne gidan ɗab'in da Christophe Plantin ya kafa a ƙarni na 16 yake, wanda yanzu ya zama gidan tarihin Plantin-Moretus. A cikinsa akwai injinan buga littattafai guda biyu da suka fi kowane tsufa a cikin waɗanda suka rage a duniya, kuma a nan aka buga Littafi Mai Tsarki na Kirista cikin harsuna biyar a jere. Duk mai sha'awar tarihin rubutu da ɗab'i zai ga yini guda ya yi masa kaɗan. Rana ta biyar a ba Gent, a ga ganuwar sarakunan Filanda da aka gina a 1180, da kuma shahararren zanen da 'yan'uwan nan biyu, Hubert da Jan van Eyck, suka yi, wanda aka kammala a 1432. Ta shida a ba Brugge, birnin magudanan ruwa, mai hasumiyar da ake hawa da matakala 366.

Rana ta bakwai kuwa kada a rubuta mata komai. Wasu za su ga wannan asara ce, alhali ita ce mafi amfani a cikin shirin. Ruwan sama yana iya ɓata yini guda, domin ƙasar tana samun ruwa a kowane wata na shekara. Ma'aikatan jirgin ƙasa suna iya shiga yajin aiki. Haka kuma mutum yana iya ganin wani abu a rana ta huɗu da zai so ya koma ya ƙare masa kallo. Shirin da ba shi da sarari, matsala ɗaya ta isa ta wargaza shi gaba ɗaya.

Wannan tsari na masauki ɗaya yana da togaciya. Brugge ƙaramin birni ne da miliyoyin baƙi suke kwarara cikinsa kowace shekara, akasarinsu masu zuwa da hantsi su tafi da la'asar. Wanda yake son ganin birnin cikin natsuwa zai iya kwana ɗaya a can, ya zaga da sassafe kafin jama'a su cika tituna.

Takardu da Ƙananan Abubuwan da Ke Ɓata Tafiya

Tun ran gini ran zane. Ɗan Nijeriya ko ɗan Nijar yana buƙatar bizar Shengen kafin ya shiga Beljiyam, wadda take ba da izinin zama na kwanakin da ba su wuce 90 ba a cikin kwana 180. Tun daga Yunin 2024 kuɗin neman bizar ya koma Yuro 90 ga baligi, kuma ba a mayar da shi in an hana. Ana iya miƙa takardu tun wata shida kafin tafiya, kuma hikima ita ce a miƙa da wuri. Daga cikin abin da ake nema akwai inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki, da shaidar tikitin dawowa, da shaidar kuɗin da za su ɗauki nauyin mutum. Ke nan rubutaccen shiri mai ma'ana yana taimakon mai neman biza tun kafin ya bar gida, domin yana nuna wa jami'in da ke duba takardu inda mutum zai kwana da abin da ya kai shi.

Bayan takardu, akwai ƙananan abubuwa da ɗan jagora yakan ɗauke wa baƙo, waɗanda mai tafiya shi kaɗai dole ya sani. Na farko, gari ɗaya yana iya samun suna biyu ko uku. Antwerpen ita ce Anvers da Faransanci, Gent ita ce Gand, Liège ita ce Luik da Holanci, Mons kuma ita ce Bergen. Allon tasha yakan nuna sunan ne da harshen yankin da mutum yake tsaye, don haka wanda ya haddace suna ɗaya kawai yana iya zama yana kallo jirginsa ya tashi. Na biyu, Burasel tana da manyan tashoshi uku, ta Arewa da ta Tsakiya da ta Kudu, kuma ta Kudun ana kiranta Midi da Faransanci, Zuid da Holanci. Na uku, filayen jirgin sama biyu ne suke ɗauke da sunan Burasel. Na Zaventem yana da jirgin ƙasa da ke kai mutum tsakiyar birni cikin kusan minti 20, na Charleroi kuwa yana da nisan fiye da kilomita 40, sai an shiga mota ta kusan awa guda. Na huɗu, gidajen tarihi da yawa, har da na Tervuren da na Plantin-Moretus, ba sa buɗewa ranar Litinin, kuma kantuna da dama a rufe suke ranar Lahadi. Na biyar, a jiragen cikin gida ba a kama kujera tun da wuri, amma a sayi tikiti kafin a shiga.

Lokacin shekara ma abin lura ne. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya yi. Wannan ya shafi yawan abin da za a iya gani a yini, ya kuma shafi lokutan salla ga Musulmi. Ta fuskar abinci, a manyan birane ba a rasa na halal, musamman a unguwannin da mutanen Maroko da Turkiyya suke da yawa. Sai dai wasu girke-girken gargajiya na ƙasar ana yin su da naman alade ko a dafa nama da giya, saboda haka tambaya kafin ci wajibi ce. Matambayi ba ya ɓata.

Hujjojin Masu Saɓanin Ra'ayi

Akwai masu ganin cewa duk wannan wahala ce da ba ta da dalili, tun da akwai kamfanonin da za su ɗauki mutum a mota, su kai shi ko'ina, su yi masa bayani. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Ga tsoho, ko marar lafiya, ko wanda bai iya Ingilishi ko Faransanci ba, tafiya cikin ayari ta fi kwanciyar hankali. Amma kamfani yana tsara tafiyarsa ne domin ta gamsar da kowa, kuma yakan yi tallarta da yawan wuraren da za a taka. Da wuya ya ware yini guda domin gidan ɗab'i ko ɗakin karatun jami'a. Bayan haka, karatun da mutum yake yi kafin ya tsara tafiyarsa shi ne rabin ilimin da zai samu. Wanda aka ɗauke wa wannan aiki an rage masa wahala, amma an rage masa riba.

Wasu kuma za su ce kuɗin jirgin sama da na biza sun yi yawa, ga darajar Naira ta faɗi, saboda haka wanda Allah ya ba dama sau ɗaya gara ya ga iyakar abin da zai iya gani, har ya leƙa Faransa da Holan. Tsadar tafiyar ce ma ta sa bai kamata a yi wasa da ita ba. Wanda ya kashe dukiya mai yawa ya dawo bai riƙe komai ba shi ne ya yi asara. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Idan kwanaki huɗu kawai mutum yake da su, ya ɗauki birane uku ya haƙura da sauran.

Hujja ta uku ita ce, tsari mai yawa yana kashe daɗin tafiya, domin abin da aka ci karo da shi ba zato ya fi zama a rai. Amsar ita ce, wanda ya san jirgin da zai mayar da shi masauki shi ne yake da natsuwar da zai zauna a dandali ya saurari yadda mutane suke hira, ko ya bi wani lungu don ganin inda ya ɓulle. Wanda yake duba agogo saboda birni na uku yana jiransa ba shi da wannan sukuni.

Kammalawa

Ba kowane ɗalibin kwalejin ilimi ne zai samu zuwa Beljiyam ba, amma kusan kowane malami wata rana za a ɗora masa nauyin kai ɗalibai ziyarar ilimi, ko da zuwa Gidan Makama ne a Kano ko Hasumiyar Gobarau a Katsina. Matakan ba su sauya ba. Zai rubuta manufa, ya karanta tarihin wurin, ya binciki ranakun buɗewa da kuɗin shiga, ya lissafa lokacin tafiya da na hutu, ya bar sarari domin abin da ba a zata ba. Idan shugaban makaranta ya nemi a haɗa wurare biyar a yini guda domin kuɗin mota ya biya, malamin da ya fahimci abin da aka tattauna a nan zai iya kawo hujjar da ta sa wuri biyu suka fi amfani ga yara. Kuma idan aka dawo, ma'aunin nasarar ziyarar shi ne abin da ɗalibi zai iya bayyanawa da bakinsa ko ya rubuta da alƙalaminsa game da wurin da aka kai shi.